Kan Jirgi Uku da Kwallar Kubura

Gwandu,
Talata da hantsi.

Zuwa ga Hajiya Kubura, 'yar mutanen Maruda, ruwan farko da ke sauka a kan busasshiyar gona, inuwar tsamiyata a tsakiyar bazara, sanyin randar da ke bayan ƙofa, ƙamshin sabuwar shinkafa ranar da aka fara sussuka, kurciyar da ta yi sheƙa a ƙirjina shekara hamsin da ɗaya ba ta nemi wani reshe ba. Kuma, tun da Allah yana ganina, barkonon miyata, wanda in babu shi tuwo ba ya wucewa, in ya ji haushi kuma sai ido ya kawo ruwa.

Amincin Allah ya sauka a kanki, ya lulluɓe gidan da kike ciki a Kalgo, da mai jego, da jaririya Surayya, da bawan Allahn nan mijin Hafsat, wanda surukarsa ta zo masa kwana arba'in ta zarce.

Ki fara kwance ƙullin da ke tare da takardar nan. Tabaraunki ne. A kan taga kika bar shi ranar da kika tafi, na yi makonni ina kallonsa ina gaya wa kaina cewa macen da ta bar idonta a gida ba ta yi nisa ba. Yau na aiko miki da shi don kada ki miƙa wa Hafsat wasiƙar nan ki ce ta karanta miki. Akwai maganar da uba ba ya so ta bi ta bakin autarsa. Ki samu gefe, ki sa shi, ki karanta a hankali, don ni ma a hankali na rubuta.

Yau kwana hamsin da takwas. Da kika tafi gero bai gama fitar da kai ba. Yanzu an yanke shi, an ɗaure, mutanen Kambaza har sun fara shigo da sabo kasuwa. Labari ya iske ni cewa Hafsat ta gama wanka, ta yi kitso, ta zaga dangi da jaririyarta a baya. To ke wa kike dafa wa ruwan zafi yanzu, ya farin watan gidana? Ko Kalgo ce da kanta ta haihu ba a aiko mini da goro ba? Awakinki sun raina ni, in na yi musu tsawa sai su dube ni su ci gaba da cin danga. Abincin da ake aiko mini daga gidan ƙanena, Allah ya saka musu da alheri, ina ci ne kamar mai cika umarnin likita. Tsakar gida ta yi faɗi, Kubura. Ban san haka take da faɗi ba sai da babu mai ratsa ta tana mita.

Ba zan yi kamar ban san dalili ba. Ni da ke mun tsufa da wannan. Bari in faɗi laifina da bakina tun daga tushe, ki ji ko na rage wani abu.

Kin san abin da kika aura: mai zuba wa jirgin ƙasa kwal. Shekara takwas ina tsaye a bakin wuta tsakanin Zariya da Ƙaura Namoda, shebur a hannu, har ranar da aka kwantar da injunan tururi aka kawo masu shan mai, waɗanda ba su da numfashi ba su da murya. Na yi sauran aikina a tasha, na dawo garinmu inda ko ƙarfen dogo ɗaya ba a taɓa shimfiɗawa ba, na ɗauka abin ya mutu a raina. Sai ɗanki Lukuman ya turo mini hoton nan mai motsi daga Jamus: wani tsoho kamata, a ɗakinsa, da jirgin ƙasa a kan tebur. Kan jirgin bai fi tsawon yatsana ba, faɗin dogonsa bai kai farcen ɗan yatsana ba, amma ga sandunan ƙafafunsa suna kai da kawowa kamar gwiwar hannun mata masu daka, daidai yadda na san su. Kina zaune kina tsince wake kika ce, Malam, sau nawa za ka kalli abin nan, wayar ma ta gaji. Na ce miki ba kallo nake ba, gaisawa muke. Kika ce Allah ya shirya tsofaffin zamani. Ban yi musu ba.

Lukuman ya aiko da dogon ta hannun wani abokinsa, guntu-guntu a kwali kamar ƙashin kifi. Kan jirgin kuwa ya ce da hannunsa zai kawo ƙarshen watan nan, in zaɓi ɗaya cikin uku, don wanda bai taɓa yi ba da ɗaya yake farawa. Ga su nan yadda ya nuna mini, ki taya ni dubawa ko da kina fushi.

Na farko ƙato ne, gwargwadon ƙattan wannan ƙaramar duniya. Baƙi wuluk, manyan ƙafafu takwas, yana jan taragon kwal da ruwa a bayansa, ga doro ga ƙirji kamar bijimin da Fulani ke sa wa ido ba sa sayarwa. Kubura, irin wanda na yi wa wuta ne. Har ƙofar da nake buɗewa in jefa kwal tana nan, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero. Na biyu matsakaici ne, manyan ƙafafu shida da ƙanana biyu a gaba masu laluben hanya, shi ma da ɗan taragonsa. Lukuman ya ce shi masana ke ba sabon shiga, ba ya gardama, ba ya faɗuwa, kamar saniyar da kowa ke iya tatsa. Na uku kuwa ɗan guntu ne, ƙafa shida kawal, ba ya jan taragon kwal, ruwansa a kafaɗa yake ɗauke da shi kamar jakin mai tallan ruwa. Irinsa ne ke jera taragu a cikin tasha, ba ya zuwa ko'ina. A zamaninmu in aka tura mutum kansa, abokai har jaje suke masa.

Kin san wanda zuciyata ta ɗauka tun kafin Lukuman ya rufe baki. Sai ya ce, Baba, a yi hankali, ƙaton nan ƙafafunsa takwas a haɗe suke da sanda ɗaya, ba ya lanƙwasa. In kwana ta yi masa tsanani sai ya hau dogo ya kife. Yana son falanki mai tsawon kamu huɗu da faɗin kamu biyu, kamar ƙyauren ɗaki, a wurin da ƙasa ba ta zubowa daga rufi, kusa da wuta. Na ce masa ni zai koya wa kwana? Na dubi gidan nan kaf. Ɗaki ɗaya ne mai silin, ɗaki ɗaya ne aka ja wa wutar sola saboda fankarki. Bango ɗaya ne kuma a ɗakin yake da kamu huɗu, shi ne wanda kabad ɗin jerenki ya jingina da shi tun shekarar da muka dawo Gwandu.

Nan Shaiɗan ya zauna kusa da ni ya gyara riga. Kin tafi Maruda ta'aziyya kwana biyu. Na kira Ashiru kafinta. Shi kansa sai da ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, Alhaji, Hajiya ta sani kuwa? Na ce masa gidana ne. Ka ji maganar wawa! Gida nawa ne, amma ɗaki na wa? Wane namiji ne mai hankali, wanda uwa ta haifa ta yi wa tarbiyya, zai sa hannu a jeren mace ba ta nan? Muka sauke kwanukan, muka ja kabad zuwa ɗakin ajiya. Wajen fita, babbar kwallar nan mai murfi, mai jan fure a gefe, ta zame daga hannuna, ba daga hannun Ashiru ba, ta bugi dokin ƙofa. Farin bakinta ya ɓantare kamar faɗin ɗan yatsa, baƙin ƙarfe ya leƙo.

Da kika dawo na shirya wa faɗa. Na tanadi amsoshi har kashi uku. Kika tsaya kika dubi falankin da ke inda jerenki yake, kika wuce ɗakin ajiya, kika ɗauki kwallar kika shafa wurin da babban yatsa, sau ɗaya. Sannan kika juyo kika ce, Malam, ka ci abinci? Kika tuƙa mini tuwon shinkafa da miyar busasshen kifi irin wadda ba ki yi sai da Sallah. Da safe kika ce watan Hafsat ya tsaya, gara ki je da wuri. Wallahi da kin ɗaga murya har maƙwabta sun taru, da ya fi mini sauƙi a kan tuwon nan.

Na yi kwanaki ina cewa a raina, kwano ne fa, kwano. Sai wata safiya ina shafa falankin nan da ba komai a kansa, abin ya faɗo mini gaba ɗaya, har sai da na nemi wuri na zauna.

Kin tuna tashar Gusau? Sati biyu da ɗaurin aurenmu, babbar mota ta kwaso mu daga nan ta Sakkwato, ta zubar da mu a bakin tasha mun yi jawur da ƙasar hanya. Ba ki taɓa ganin jirgi ba. Da ya shigo yana huci kika koma bayana, amma ba ki gudu ba, na lura da wannan. Aka ɗaure kayanki za a kai taragon kaya, kika bari aka ɗauki komai, tabarma, akwati, turmi, sai kwallar nan. Ma'aikacin ya miƙo hannu, kika ƙanƙame ta. Na ce miki abokin aikina ne, ba abin da zai same ta. Ba ki dube ni ba, don a lokacin ba ki fara dubana ba, kika ce da mayafinki, ta Innata ce. A cinya kika riƙe ta tun daga Gusau har Zariya, wuni guda, murfin yana ƙara duk inda ƙafa ta taka mahaɗin dogo, mutanen tarago suna dariya suna cewa amarya ta zo da makaɗinta.

Bayan mun wuce Tsafe kika yi ƙarfin hali kika leƙa ta taga, iska ta kwaso ɓurɓushin kwal daga bututun injin ta jefa miki a ido. Hawaye na zuba, amma hannu biyu suna kan kwalla, kin ƙi saki ki murza. Dole kika ɗago fuska. Na buɗe idon da yatsu biyu na hura, na sake hurawa. Ran nan na fara ganin fuskar matata sosai, a tsakiyar mutane, ido ɗaya ja ɗaya fari, kina hararata da mai lafiyar. Ya Kubura, na ga gulbi ya cika ya kwanta a fadama da hantsi, na ga gauraka sun sauka a gonar shinkafa, na ga hadarin farko ya taso daga gabas bayan wata bakwai na rana, ban ga abin da ya kama ƙafar wannan hararar ba. Kika ce, jirginku ba shi da kunya. Ita ce magana ta farko da kika yi mini ba da mayafi ba.

To mutumin da ya ga wannan da idonsa, shi ne ya ɗauki kwallar da hannu ɗaya yana waige yana auna bango. Abin da ya fi ba ni kunya, ƙaton injin nan da na nace a kansa, wace tafiya nake so ya maimaita mini a kan tebur in ba wannan ba? Na kori amaryar da kayanta don in samu wurin ajiye jirgin da ya ɗauko ta. Ko a tatsuniyoyin da kakata ke mana ban ji wauta mai tsari irin wannan ba, kuma kin san ta san wawaye da yawa.

Ga abin da na yi, ki auna. Na sake kiran Ashiru, ya zo yana murmushin da ban so ba. Kabad ya koma wurinsa. Sawun ƙafafunsa huɗu na nan a daɓe, a kansu muka ɗora shi, ko kaurin zare bai goce ba. Kwanukan kuwa ban jera ba. Na ɗauki ɗaya na tsaya, na rasa wa ke bin wa, wanne ne na gara, wanne kika saya shekarar haihuwar Lukuman, wanne ke hawa kan wanne. Shekara hamsin ina wucewa ta gabansu ban san karatu ne a rubuce ba. Suna nan a kan gadonki na lulluɓe su da zane. Kwallar na kai ta Birnin Kebbi wurin masu fenti, suka ce za su shafe wurin amma farin ba zai zo ɗaya ba, na ce su bar ta. Ba zan ɓoye miki ba, zuciya ta raya mini in juya ɓantaren ya dubi bango. Ban juya ba. Tana saman kabad ita kaɗai, tabon yana kallon ƙofa, duk shigowata sai mun haɗa ido.

Ƙaton inji kuma na sallame shi. Na buɗe hotonsa na yi masa kallon ƙarshe, na ce masa ya nemi tsohon da ba shi da mata. Matsakaicin ma, duk da kyan halinsa, yana son kamu ɗaya da rabi, teburina bai kai ba. Ɗan guntun nan na zaɓa, jakin tasha, wanda muke yi wa mutane jaje a kansa. Shi yana juyawa a da'irar da ba ta fi babban faifai ba. Ashiru ya yanke falankin, ya daidaita shi a kan teburin rediyo a ɗakina, ya buga yadi a ƙarƙashin rufi don tare ƙasa. Da na ƙare masa kallo ma, Kubura, ɗan banzan yana da kyau. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ga alamar taurin kai a goshi, yana ɗauke da kayansa da kansa ba ya jiran kowa. Ban ce ya yi kama da kowa ba. Ke ma kada ki ce na ce.

Sai dai yana da aibu biyu, kuma duka biyun a ƙofarki suke ajiye ni. Na ɗaya, injin kwal ne da ba ya cin kwal, ta cikin dogo yake shan wutar lantarki, wuta kuwa a ɗakinki take. Sai an ja igiya ta tagarki zuwa tawa. Dubi yadda Allah ke juya bawa: mutumin da ya ciyar da wutar da ke jan tarago ashirin, yau shi ne zai tsaya a bakin ƙofarki kamar maƙwabciya da kasko, yana roƙon a ɗiba masa garwashi. Ba zan ja igiyar nan ba sai kin ce a ja. Na biyu, da yake ƙafafunsa kaɗan ne, ƙura kaɗan ke tsayar da shi, sai an goge dogon kowace safiya da ƙyalle mai tsabta, sannan a ɗora ƙafafun nan shida, kowace kamar ƙwayar dawa, daidai a kan ƙarfe. Kin san hannuna tun ciwon bara waccan. Shayi ma rabi nake zubawa a kofi don kada ya zube. Na gwada haɗa guntayen dogon, biyu na haɗa tun safe har azahar, na ukun ya faɗa ƙarƙashin gado. Wa nake da shi mai hannun da ke zura zare a allura tana magana ba ta ko dubawa? Wa ke ɗinke hula tas ba a ga inda ta fara ba?

Ɗanki kuma ya bi bayanki, kamar yadda suka saba duk su biyar. Na gaya masa na zaɓi ƙaramin, ya ce madalla Baba, amma ko ƙafa ɗaya ba zai sa a jakarsa ba sai ya ji muryar Innarsa ta ce to. Saura kwana goma sha biyu ya taso. In kin kira shi, to. In ba ki kira ba, ya zo hannu sake, ba zan yi ƙorafi ba, teburin ya koma na rediyo. Jirgi na iya zama a Jamus har tashin duniya. Ke ce ba zan iya bari ki zauna a Kalgo ba.

Na zauna na yi tunanin biko, na rasa inda zan dosa. Da can in mace ta yi yaji, wurin iyayenta ake zuwa, a durƙusa, a sha faɗa, a ba da haƙuri. Naki iyayen Allah ya yi musu rahama, ya haskaka makwancinsu. Ke kuma da wayonki kika tafi inda ba ni da bakin magana. Gaban wa zan durƙusa? Gaban yaron da ya zo neman auren ɗiyata yana rawar murya, wanda har yau in ya gan ni sai ya cire takalmi tun daga nesa? In na tsugunna masa ai sai ya suma. Ko in ce wa autata ta ba ni matata? Kin ɗaure ni da kyau, ya zumar kaka, na yaba.

Duk da haka zan zo. Ranar Asabar zan shiga motar farko, in Allah ya kai mu. Ba zan shiga gidan ba, kin san ba na iya sakewa a gidan suruki. Akwai dalbejiyar nan a ƙofar gidan, wadda masu gyaran babur ke zama a ƙarƙashinta. Nan zan shimfiɗa buzuna, da farar rigata ta Juma'a, duk mai wucewa ya ga tsoho ɗan shekara saba'in da shida ya zo zance. In an tambaye ni zan faɗi gaskiya, in ce wata yarinya nake jira 'yar Maruda, na yi mata laifi. In kin fito da jakarki, na gode wa Allah, na riƙe miki ita har mota. In kwanon abinci kawai kika aiko, zan ci, in wanke hannu, in yi la'asar a masallacin unguwar, in koma Gwandu. Asabar ta sama kuma ki leƙo, za ki gan ni a wurin, da ta bayanta, har masu babur su gaji su sa mini suna.

Ban iya alkawarin zan daina wauta ba, kin fi kowa sanin an makara. Abin da na iya shi ne wanda na saba: ban taɓa duban wata ba, ba zan fara da furfura ba. Zuciyar nan tsohuwa ce, tana tsayawa a hanya tana huci, amma ke kaɗai ta ɗauko, kuma ke za ta sauke a gaban Ubangijinta.

Ki shafa mini kan Surayya. Ki ce wa Hafsat ta daina leƙe.

Naki jiya, naki yau, naki ranar da za a tashe mu,
Abdulbaƙi.